Dutsen Gugar Manjo

Auta na kan shafi na arba'in da ɗaya lokacin da Manjo ya kama tsauni na uku. A shafi na goma sha biyu tsauni ɗaya ya kama, shi da mutum shida. Kafin a kai shafi na talatin mutum shidan sun yi ɓatan dabo, tsaunin kuma ya haihu. Aikinta a shagon buga takardu shi ne ta buga abin da aka miƙo mata, ta gyara inda aka manta aya, ta bar mai ƙarya da ƙaryarsa.

Manjo kakanta ne, ya rasu tun 'ya'yansa ba su yi wayo ba. Mai rubuta tarihinsa kuwa Baffa Dakta ne, yayan mahaifinta. Daktan ya samo shi ne a wani taron kwana biyu a otal, inda duk wanda ya yi haƙurin zama har ƙarshe aka ɗora masa hula mai igiya aka ɗauke shi hoto. Bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma tun daga ranar ba ya amsa sallamar da babu Dakta a cikinta. Ita kuwa Auta a aji uku ta bar makaranta, sauran karatun ta tsince shi a takardun da mutane ke kawowa a yi musu kwafi su manta: ƙarar kotu, wasiƙun neman aiki, da rabin littafin koyon aikin jinya. Baffa yakan ce yarinyar tana da ƙoƙari, da muryar da ake yabon akuya mai buɗe ƙofa da kanta.

Babbar hujjar Baffa hoto ce. Ga marigayi tsaye cikin kwat ɗin hafsa, maɓallai na ƙyalli, lambobi jere a ƙirji, hannuwa biyu a baya. Baffa ya cinye shafi huɗu yana bayanin cewa ajiye hannu a baya ɗabi'ar manyan kwamandoji ce. Sai wani ƙyalle da aka tsinta a ƙasan akwatin marigayin, fari ne da, yanzu ya koma launin shayi, an jera masa alamomi da zare kala-kala, layi-layi. Baffa ya duba su da gilashin ƙara girma, ya yanke hukuncin cewa tamburan bataliyoyin da Manjo ya jagoranta ne. Ya zaɓi wadda ta fi kyau, ɗinki uku na jan zare da ɗaya a gicciye, ya ce daga yau ita ce tambarin zuri'a. Aka kai wa mai ɗinki ya zuba ta a huluna da mayafai, aka ɗora ta a bangon littafi.

A taron dangin da aka nuna hulunan ne Kaka, matar marigayin, ta ɓata lissafi. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, inda ta shekara hamsin tana zama tana yi wa duk mai wucewa sharhi, ta ce a miƙo mata hula ɗaya. Ta shafa ɗinkin da ɗan yatsa, ta yi wata 'yar dariya, ta ce, “Wanki fa yake yi.”

Baffa ya ce wa take nufi. Ta ce ubansa mana, wa kuma. Wanki da guga ya yi wa soja tun daga farkon yaƙin har ƙarshensa, bindiga kuwa sai dai in ya matsar da ita gefe zai shanya kaya. Ta buɗe baki za ta yi magana a kan alamar, 'yarta Gwaggo ta rufe ta da “Sannu Inna, sannu,” tana share hawaye. Baffa ya cire tabarau, ya matse tsakanin idanunsa, ya ce dama ya jima yana lura. Ya faɗi sunan ciwon da wata doguwar kalma da shi kansa sai da ya yi mata hawa biyu. A taƙaice dai, tsohuwa ta ruɗe.

Kafin a tashi an gama shawara. Ranar Asabar ta sama za a mayar da Kaka gidan Gwaggo, bene hawa na uku, inda za a sa mata ido. Ɗakinta kuma, tun da shi ne kusa da ƙofar gida, za a yi masa fenti ya zama Ɗakin Tarihin Manjo. Baffa ya riga ya auna bangon.

Auta ta zaci Kaka za ta tayar da gidan. Matar da ta taɓa korar mai gyaran famfo da tsintsiya saboda ya kira ta tsohuwa. Amma ba haka aka yi ba. Kwana uku mai kayan miya yana wucewa da rigarsa a birkice ba ta tanka ba. Rana ta huɗu da hantsi, Auta na ɗaura mata ɗankwali, ta ce a hankali, “Ke 'yar nan, ko dai mafarki na yi? Su ne masu karatu.”

Wannan maganar ce ta bi Auta har shago. Ta buɗe babi na bakwai, wanda Baffa ya sa wa suna Dalilin Ɓoye Sunan Manjo. A ciki ya ba da labarin zuwansa ma'ajiyar tsofaffin takardun soja har sau uku, cikin kwat, da katinsa mai ruwan zinare. Sau ukun an buɗe masa rajistar hafsoshi, babu sunan. Wannan, in ji Baffa, shi ne tabbacin cewa aikin Manjo na sirri ne, har gobe hukuma na tsoron a sani. Ya kuma yi sakin layi guda a kan rashin ladabin wani ma'aikaci da ya tambaye shi lambar marigayi. Ba a neman manya da lamba, in ji Baffa, sai ka ce mota.

Ita ta buga wannan layin da hannunta mako biyu baya, har ta sa masa aya. Yanzu ta sake karanta shi sau biyu.

Da ta koma gida ta tambayi Kaka ko ta san lambar. Kaka ta ce ita da lamba ai sai kallo. Amma marigayi yakan ce soja ba sa ba ka ko cokali sai sun buga masa lambarka, don in ya ɓace su san wuyan wanda za su kama. Auta ta ce cikin abin da suka ba shi me ya rage. Kaka ta nuna ƙasa da haɓa.

Dutsen guga ne na gawayi, baƙi ƙirin, mai ɗan zakaran ƙarfe a baki. Tun kafin a haifi Auta shi ke tokare ƙofar ɗakin. Duk ɗan gidan ya taɓa yin tuntuɓe da shi, Baffa ma ranar da ya zo auna bango sai da ya buge ɗan yatsa ya ce a fitar da wannan tarkacen. Ta kai shi bakin famfo ta dirje shi da toka da soson ƙarfe har hannunta ya yi ja. A ƙarƙashin mariƙin, lambobi shida suka leƙo. Huɗu sun fito sarai. Biyun ƙarshe kuwa ko uku ne ko takwas, sai wanda ya buga su. Ta kwafa a takarda, ta duba, ta yage. Ta sa dutsen a jakar buhu.

Washegari ta roƙi mai shago rabin yini. A mota kwandasta ya ɗaga jakar zai ajiye mata, ya sauke da sauri, ya tambaya ko injin ta sato. A ƙofar ma'ajiyar mai gadi ya leƙa ciki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata nan ba a ba da aikin guga. Ta ce ba aiki take nema ba, shaida ta kawo. Ya rasa a wane layi na littafinsa zai rubuta wannan, ya bar ta ta wuce.

Ɗakin dogo ne, fanka ɗaya na juyawa kamar an tilasta mata, kantoci har rufi cike da fayil ɗaure da igiya. A bayan kanta wani dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, mai rajista ke nan. Bai ɗago ba ya ce mata janar take nema ko kanar. Ta ce mai wanki. Sai ya ɗago.

Ya ce shekararsa ashirin da shida a kujerar nan, jikokin janar-janar sun zo, jikokin waɗanda suka kama gari su kaɗai sun zo, amma bai taɓa ganin wanda ya zo neman mai dafa abinci ko mai wanki ba. Har ya fara tunanin rundunar nan da yunwa da dauɗa ta ci yaƙin. Auta ta ɗora dutsen a kan kanta, kantar ta yi ƙara. Bai yi mamaki ba. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko guntun alli, ya goga a kan lambobin, ya share da babban yatsa. Farin ya zauna a cikin ramukan. Uku ce da takwas, kowa ya samu.

Ya wuce kantar hafsoshi, wadda hannun mutane ya sa ta sheƙi, ya tafi can ƙurya inda sai da ya hau kujera. Ya dawo yana atishawa da fayil siriri, takarda uku kacal. Ya tambaye ta ko wani mai kwat da kati ɗan uwanta ne, don sunan ya yi masa kama. Ta ce baffanta ne. Ya ce Allah ya ƙara haƙuri, bai faɗi wa zai ƙara wa ba.

Ta karanta a tsaye. Tsawonsa, tabon ƙuna a babban yatsan hagu, dangwalen yatsa a wurin sa hannu. Sana'a: wanki da guga. Shekara uku da wata huɗu. Sai jerin wuraren da bataliyar ta bi, mafi yawa a ƙafa, sunaye goma sha tara da ba ta taɓa ji ba. Ta dubi dutsen. Daga tasha zuwa nan kawai ta ɗauko shi, kafaɗarta har yanzu tana zugi. Ta buɗe takarda ta biyu, ta karanta, ta ciji leɓe. Mai rajista ya ce ta yi dariyarta, ba a hana ba, shi ma ya leƙa tun a kan kujera.

Ta ce a yi mata kwafi, a buga hatimi. Ya ce hatimi ɗaya ya isa. Ta ce ya san baffanta. Ya buga uku, ya ƙara sa hannu da jan biro.

Ba ta nuna wa Kaka ba. Ta yi niyya, har ta zaro takardar, sai ta tuna in ta karanta mata tun yanzu, gobe za a ce ita ta kitsa mata. Ta mayar da dutsen bakin ƙofa kawai. Kaka ta dube shi ta ce wa ya ce a wanke, yanzu sai ya yi tsatsa. Auta ta ji daɗin wannan faɗan fiye da duk abin da ta ji a makon.

Ranar Asabar da safe tsakar gida ya cika. Maza da huluna masu jan ɗinki, mata da mayafai masu jan ɗinki, har jaririn Gwaggo ƙarama an liƙa masa a riga. Kayan Kaka na ɗaure a zannuwa a bakin ƙofa, bokitan fenti na jira a gefe. Ita tana kan kujerarta, hannu a cinya, kamar mai jiran a kira ta a asibiti. Baffa ya ga jama'a sun taru, ya ga ba zai yiwu a bar su haka ba jawabi ba. Ya yi magana a kan jini, da gado, da yadda jarumta ke bin zuri'a ko ba a so. Yana cikin hawa tsauni na biyu Auta ta matso ta durƙusa, ta ce Baffa Dakta, an samu takarda daga ma'ajiya.

Ya karɓa da yatsa biyu. Tabaransa na karatu na cikin mota, amma hatimi ba ya buƙatar tabarau. Ya ƙirga su, uku, ga jan biro. Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga takardar sama ya sanar cewa matsin lambar da ya yi ta sa hukuma ta saki sirrin. Ya ce yarinyar ta karanta da ƙarfi, kowa ya ji, a kuma yi shiru.

Auta ta miƙe ta karanta da muryar da take karanta wa kwastoma wasiƙarsa kafin a buga. Suna, daidai. Lamba. Tsawo. Da ta zo tabon ƙuna a babban yatsan hagu, Kaka ta ɗago kai. Da ta ce sana'a, wanki da guga, wani a baya ya yi tari. Baffa ya ce wannan ai sunan ɓoye ne, haka ake yi wa jami'an sirri, ta ci gaba.

Ta ci gaba. “Laifi. An same shi sanye da kwat ɗin Manjon bataliya, wanda aka ba shi ya goge, yana tsaye gaban mai hoto. Hukunci, kwana bakwai a gadirum.”

“Biyu ya yi,” in ji Kaka.

Kowa ya juya. Ba ta ɗaga murya ba, kallon bokitin fenti ma take yi. Ta ce kwana biyu ya yi suka fito da shi, don Manjon ya rasa kayan sawa. Wanda aka ba aikin a madadinsa ya ƙona masa wando a gwiwa. Kuma hannun da ya ɓoye a baya, kwat ɗin ne ya yi masa yawa, hannun rigar har ya rufe yatsunsa. Tun daga ranar abokansa suka laƙaba masa Manjo, har ya mutu ba su fasa ba, shi ma yana amsawa.

Auta ta miƙa wa mijin Gwaggo takardar, don shi ba a zarginsa da goyon bayan kowa, bai taɓa samun ra'ayi ba. Ya sa yatsa ya bi layin a hankali. An sake shi bayan kwana biyu bisa buƙatar Manjo, saboda lalacewar wando. Ya ƙara karanta layin ƙarshe ba a tambaye shi ba: hali, nagari ƙwarai, bai taɓa ɓatar da ko safa ɗaya ba.

“Ƙarya ne,” in ji Kaka. “Ya ɓatar da ɗaya a kogi. Ya saƙa wata.”

Dariyar ta fara ne daga wajen mata, aka yi ta danne ta da mayafi. Gwaggo ta tsuguna gaban uwarta tana kuka kuma, amma wannan karon wani iri ne, tana cewa Inna me ya sa ba ki taɓa faɗa ba. Kaka ta ce wa ya tambaye ta. Shekara hamsin ana Manjo, Manjo, ita ta zaci kowa ya san wasa ne. Ranar da ta faɗa kuma aka ce ta ruɗe.

Baffa bai zauna ba. Ya yi gyaran murya, ya ce a gaskiya wannan bai rushe bincikensa ba, ya ma ƙarfafa shi. Runduna ba ta tafiya sai da tsabta. Ke nan marigayi shi ne, a iya cewa, Babban Jami'in Kula da Tufafin Runduna. Kuma har yanzu ga tambarin bataliya, wanda babu takardar da ta ƙaryata. Ya dafa hularsa.

Auta ta ce, cikin ladabi, ko a tambayi Kaka, tun da ranar nan ba ta ƙarasa ba.

Kaka ta sa aka ɗauko ƙyallen. Ta shimfiɗa shi a cinya ta bi layukan da yatsa. Ta ce marigayi bai iya karatu ba, kayan hafsa goma sha ɗaya kuma yake wankewa, duk iri ɗaya. Shi ne ya ba kowa kalar zarensa, kowane irin kaya da ɗinkinsa, ya ajiye wannan ƙyallen don kada ya manta. Shuɗi na likita ne. Baƙi na wani dogo mai yawan faɗa. Ja na Manjo. Ɗinki ɗaya riga, biyu wando.

Mijin Gwaggo, wanda yau bakinsa ya buɗe, ya ce to uku da ɗaya a gicciye fa.

“Kamfai,” in ji Kaka.

Babu wanda ya ba da umarni, amma hulunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Baffa ne na ƙarshe. Ya cire tasa kamar zafi ne ya dame shi, ya yi fifita da ita sau biyu, ya tura a aljihu.

Ba a yi wata shawara ba a kan komawa bene. Gwaggo da kanta ta kwance zannuwan, ta mayar da kaya inda suke, Kaka na gaya mata duk abin da ta ajiye ba daidai ba. Fentin aka shafa wa bayan gida. Da zai tafi Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi dutsen gugar da wata sabuwar girmamawa, ya ce wannan kayan tarihi ne, ya kamata a sa shi a gilashi. Kaka ta ce in an sa shi a gilashi shi zai zo ya riƙe mata ƙofar? Ta kuma ce ya matso. Ya sunkuyo, yana zaton albarka za a sa masa. Ta kama wuyan rigarsa ta murza, ta ce wanda ya yi masa wannan gugar ko kwana bakwai aka ba shi ba mai zuwa fito da shi.

Ranar Litinin ya kawo wa Auta gyararren babi na ɗaya. Tsaunukan sun tafi. A madadinsu marigayi na tsallaka kogi da dutsen guga a ka, ruwa har wuya, harsashi na zuba. A shafi na tara kogin ɗaya ne. Auta ta duba yawan shafukan da suka rage, ta gyara zama, ta sa aya inda ya manta.

Da ta dawo da yamma tun daga bakin layi ta jiyo muryar Kaka tana tambayar mai kayan miya ko a duhu ya sa rigarsa.